Askin Kyauta a Shagon Wisdom

Ranar wata Asabar ana yayyafi Wisdom ya buɗe shagon aski daura da nawa a Garki, lokacin da ma'aikatan gwamnati ke ta tasowa daga Legas. Kafin wata ya ƙare bencinsa ya cika, nawa sai ƙuda. Abin ya tsaya mini a rai.

Na tura yayana Silas ya yi aski can, ya gano mini sirrin. Bai sake zama a kujerata ba. Na tura Kawu George, shi ma shiru. Maƙwabtana biyu ma haka.

Sai na tsallaka titi da kaina, raina a ɓace.

Wisdom ya tarbe ni da dariya. "Oga James! Zauna mana." Kafin in buɗe baki ya lulluɓe mini fuska da tawul mai ɗumi.

"Duk sabon da ya shigo nakan tambaye shi wa ya turo shi," in ji shi. "Wanda ya turo kuwa, askinsa kyauta ne. Wallahi ka fi kowa turo mini mutane."

Na yi asarar yaya ɗaya, kawu ɗaya, maƙwabta biyu, da gemun da na shekara ina tarawa.