Tauraro Biyar

Tun da kuɗi suka koma cikin waya, ba a tambayar sunan abokin ciniki, taurarin amanarsa ake dubawa.

Na je sayen ragon suna wajen yayana Tanimu. Ya leƙa wayata, ya taɓe baki.

"Tauraro biyu? A'a, Sallau, ban yarda da kai ba."

Mutumin da muka sha nono ɗaya!

Na zagaya bayan kasuwa, na yi hayar lamba mai tauraro biyar, na taya ragon ta waya. Nan take ya sallama, har da ragi. Na aika aka ɗauko mini ragon.

Da yamma ya zo gidana yana cika baki. "Yau na yi ciniki da mutumin kirki. Ka yi koyi da irinsu."

Ragon ya yi kuka a bayan ɗaki. Ko ragon nasa ma Tanimu bai gane ba.