Ƙyalli a Cikin Baƙin Mai

Makanikin ya murza man tsohuwar motar da yatsunsa, garin ƙarfe ya yi ƙyalli.

"Injin nan cin kansa yake, maigida. Ba zai kai wata ba."

Mai motar ya kasa tsayuwa wuri ɗaya. "Zuba sabo mai kauri, ka kama bakinka. Mai saye na hanya."

Makanikin ya daɗe yana juya sifana, zuciyarsa na kai-kawo. Daga ƙarshe ya zuba.

Sai ga mai sayen ta shigo garejin da fara'a. 'Yar makanikin ce ta fari.

"Baba, ashe kai ka duba ta! To, hankalina ya kwanta."

Ya jawo kwanon tsohon man cikin rana, ya ce, "Matso ki gani."