Manomin da 'Yarsa Ta Hana wa Magani

Bari in ba ka misalin wani manomin albasa da ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Amininsa, wani mahauci, ya taɓa yin irin wannan kumburi, likita ya rubuta masa wasu ƙwayoyi, ya sha ya miƙe garau. To ka san halin mutanenmu, wanda ya warke ba ya yar da kwalin maganin, adana shi yake don na baya. Manomi ya karɓi kwalin ya nufi kemis ɗin 'yarsa ta fari, wadda ta yi karatun haɗa magunguna. Ba ya kama sunanta don alkunya, amma duk garin an gaji da jin labarinta a bakinsa. Ya tarar da shagon cike da mutane, ya ajiye kwali a kan kantar shagon ya ce a ba shi irinsa. Ta karanta kwalin, ta zagayo ta danna ƙafarsa da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Sai ta durƙusa ta ce, "Baba, wannan ba a bayar da shi sai da takardar likita. Ka yi mini aikin gafara, ba zan ba ka ba."

Kunya ta rufe dattijo, ransa ya ɓaci matuƙa. Wato yau shi za a tambaya takarda, a gaban jama'a, a shagon 'yar cikinsa? Har wata tsohuwa ta sa baki, ta ce ai ba a yi wa uba doka. Sallamar mutane yarinyar ta yi, ta kulle shago da rana tsaka, ta tare a-daidaita-sahu. Ya shiga dai, amma har suka isa asibiti ƙeya ya juya mata. Da aka gwada jini da fitsari, likita ya ce ƙodarsa ce ta fara gazawa, shi kuwa mahauci ciwon gaɓoɓi ya yi. Da ya sha waɗannan ƙwayoyi, da sun ƙarasa ɗan abin da ya rage na ƙodar. An taro abin da wuri, aka ɗora shi a kan nasa maganin, kumburi ya saɓe, damina ta same shi a gona.

Tun daga nan bakinsa bai huta ba, alfahari har ya fi na da. Duk wanda ya zo majalisa yana ƙorafin an hana shi magani a shagon nan, sai dattijo ya gyara zama, ya dafa ƙirji ya ce, "Ni da na haife ta ma ta hana ni, balle kai." Ciwon maƙwabci ba naka ba ne, ko da kumburin ya zo iri ɗaya. Shi ya sa Hausawa ke cewa, kama da wane ba ta wane.