Tsohon Direba da Sabon Sifirin

Tunda ka ce kai dai a gan ka a yaba, zauna ka ji misalin wani tsohon direba. Yana da wata tsohuwar mota ƙirar Amurka, doguwa mai faɗin ƙirji, wadda in ta yi gurnani sai kajin unguwa sun watse. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun yi nisa, gidan ba motsin kowa sai nasa. Abin da ya rage masa a duniya shi ne abokansa biyu na ƙuruciya da ke can ƙauyensu. Duk ranar kasuwa yakan bi hanyar burji ya ɗauko su, ana tafe ana tsiya da dariya, ya mai da su da la'asar. Ranar kaɗai yake jin muryarsa a cikin mako. Da tafiya ta yi tafiya, sifirin ɗin da ke ɗauke da nauyin motar ya gaji, ta koma tangaɗi kamar kwalekwale. Ya je kasuwar 'yan kayan gyara, aka baje masa iri biyu. Ɗaya mai laushi ne, yana ɗaga mota ya shanye gargada, amma ba abin kallo a jikinsa. Ɗayan gajere ne mai tauri, an shafe shi da jan fenti, yana kwantar da mota ƙasa ta yi kyau irin na hoto. Ya san hanyar ƙauyensu sarai, ai a kanta ya tsufa. Amma ya daɗe rabon da wani ya waiwayo ya dube shi, sai ya nuna mai jan fentin.

Kyau kam ta yi. Samari suka riƙa tare shi a bakin kwalta suna ɗaukar hoto, tsoho yana ta washe baki. Ranar kasuwa kuwa, kowane rami sai da ya ratsa ƙashin bayan abokansa, hira ta gagara, kowa ya riƙe kujera yana salati. Da suka sauka, babbansu ya dafa ƙugu ya ce, "Malam, motar nan ta fi ƙarfinmu." Mako na gaba ɗaya ya ce ƙafa ta matsa masa, ɗayan ya ce akwai aiki a gona. Ya gane, amma girman kai ya hana shi kwance abin da aka yaba. Ya koma zagaya gari shi kaɗai, kujerun babu kowa, samarin ma sun saba da ganinta sun daina juyowa. Kewa ta dame shi, kullum yana cewa gobe zai canza sifirin. Cikin damina aka aiko masa cewa babban abokin nan ya rasu, za a yi jana'iza da hantsi. Ya fita a guje. Ruwa ya zaizaye hanya ya bar tudu a tsakiya, ƙasan motar ya hau kai ya zauna daram, tayoyi suna juyawa a banza. Ya bar ta nan, ya ƙarasa da ƙafa cikin taɓo. Kafin ya isa, mutane sun dawo daga maƙabarta suna wanke hannu. Ya tsaya a bakin zaure yana haki, ya rasa wanda zai fara yi wa gaisuwa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira aka rasa ido.