Ruwan Kanwar Inna Batulu

Inna Batulu ce ungozomar unguwarsu a Fagam. A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, sai ta daina zuwa karɓar haihuwa. Duk wanda ya zo kiranta, sai ta ce ƙafa ke damunta.

Ba ƙafa ba ce. Tun da al'ada ta ɗauke mata, wani ƙaiƙayi ya kama ta a gaba, fatar wurin ta yi fari ta yanƙwane. Ta ɗauka ciwon sanyi ne, ga shi mijinta ya shekara tara da rasuwa. Wa za ta gaya wa? Kuma tana tsoron kada ta shafa wa jarirai.

Sai ta dafa bagaruwa, ta jefa jar kanwa, ta riƙa zama a ciki da zafinsa, ta dirje da sabulun salo. Fata ta tsattsage, fitsari ya zama azaba, har zaman tabarma ya gagara.

Ana nan, 'yarta Saudatu ta zo gida goyon ciki. Inna ta ƙi ko taɓa cikin.

"Inna, rabin garin nan ke kika yanke musu cibi. Nawa ɗan ne za ki ƙi?"

Inna ta fashe da kuka, ta faɗi komai. Washegari Saudatu ta sa ta a mota, sai asibiti a Birnin Kudu.

Wata nas mai suna Kubra ta duba ta, ta riƙe haɓa. "Haba Inna, ai kin dafa kanki kamar ganyen rama! Wannan ciwon fata ne. Ba ƙazanta ba ce, ba namiji ke kawo shi ba, ba a kuma ɗaukarsa. Ba a gama gano asalinsa ba, amma ya fi kama mata masu shekarunki."

"To jariran fa?"

"Ki wanke hannu ki karɓi abinki."

Likita ya rubuta man shafawa. Kubra ta ce, "Kanwa ki bar wa miya. Ruwa mai ɗumi kawai, ban da sabulu, ban da susa. Ki riƙa dawowa ana dubawa, don in an ƙyale shi yana iya zama ciwon daji. Inda fatar ta riga ta manne kuwa, sai haƙuri."

Ƙaiƙayi ya lafa cikin 'yan makonni, tabon dai ya zauna. Ranar da naƙuda ta kama Saudatu da hantsi, ba a aika kiran kowa ba. Inna ce ta ɗaura ɗamara, ta yi bisimilla, ta karɓi jikarta.

Iyaye mata, ba kowane ƙaiƙayin gaba ne sanyi ba. In ya daɗe ko fata ta canza, ku bar kunya da haɗe-haɗe, ku je a duba da wuri.