Na Busa Wa Yaya Labo

"Karɓi ka busa kafin ta dawo," in ji Yaya Labo, yana miƙo mini na'urar gwajin numfashi.

Kwanansa shida a asibiti a Funtua. Garkuwar jikinsa ce ta juya tana yaƙar tsokarsa: fatar ido ta sauko, numfashi ya gajarce. Kullum da safe nas Zuwaira takan ba shi na'urar ya busa. Ta ce ranar da lambar ta kai uku za a sallame shi. Jiya biyu da rabi ya yi. Masararsa kuwa ta bushe a Maska, gara ta fara hawanta.

Yau kuwa tana ba shi na'urar aka kira ta waje. Ni da nake ɗaga buhu a kasuwar Danja, na cika ƙirji na busa har jiri ya ɗebe ni. Na mayar masa.

Ta dawo ta duba lambar, ta sake dubawa.

"Ɗaya da rabi. Malam Labo, babu sallama. Bari in kira likita."

Yaya ya ɗaga fatar idonsa da yatsa don ya kalle ni da kyau.

"Mudi, dama holoƙo ne kai?"

Dole na faɗi gaskiya. Ta shinshina bakin na'urar, ta dube ni ta ce, "Karan sigari nawa kake sha a rana?"

Ta canza bakin, Yaya ya busa da kansa. Uku cif.

Da azahar ya hau babur zuwa Maska. Ni ne likita ya kwantar a gadonsa yanzu. Ya bar mini bargonsa, ya ce zai zo dubiya in ya gama karya masara.