Shugaban Ƙasa a Lambun Albasa

Ina aji biyar malaminmu ya ba mu labarin wani shugaban Amurka da aka haifa a bukkar katako can ƙuryar daji. Yaro ne mai faskare, mai gaskiya, kuma ko gona za shi da littafinsa a hammata. Faskaren da gaskiyar na bar su a aji, littafin kawai na ɗauko.

Da yammar nan aka sako wa lambunmu na Bunkure ruwan kanal. Baba ya ce in tsaya a kan irin albasa, da fangalin da aka shuka shi ya cika da ruwa in toshe mashigar.

Na ce, "Baba, mai shirin mulkin ƙasa ba ya shiga laka. Shi ma wancan na Amurka karatunsa yake yi ana noma."

Ya ce, "To, Allah ya nuna mana."

Na kishingiɗa a gindin dalbejiya. Ban kai shafi na biyu ba na yi barcin da ko injin casa ba zai tashe ni ba.

Sanyin ruwa a ƙafata ne ya farkar da ni. Fangali ya ɓalle, irin da Baba ya daɗe yana raino sai iyo yake kamar 'yan kifi. Ga Baba a durƙushe cikin laka yana tsintarsa ɗaya bayan ɗaya. Na jira mari. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Ranka ya daɗe, shugaban ƙasa," ya ce a hankali, "a ɗan janye ƙafa, talaka zai wuce da fartanya."

Bulalar da na sha a yarinta ta isa a raba wa unguwa guda, duk na manta zafinta. Amma har yau in na ji warin ɗanyar albasa, sai in ji ina janye ƙafata.